Matashin Ɗan Wasa da Nauyin Gasa

Ɗalibai, a nan Karshi ba mu saba ganin ƙanƙara ba sai a cikin firji. Amma a ƙasashe masu sanyi, irin su Rasha da Kanada, akwai wasan da ake yi a kan daskararren ruwa. Ɗan wasa yakan sa takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, ya riƙa zamiya yana bin kiɗa, yana juyi da tsalle, alƙalai kuma su ba shi maki. Masu wannan wasa sukan fara koyo tun suna ƙanana, don haka sukan shahara kafin hankalinsu ya gama nuna.

Ga misali. A gasar Olamfik ta lokacin sanyi da aka yi a birnin Beijin na ƙasar Sin a shekarar 2022, kowa ya sa ran Kamila Valieva, 'yar Rasha mai shekara 15, za ta zo ta ɗaya. Ana cikin gasa sai labari ya fito cewa gwaji ya nuna haramtaccen magani a jikinta. Aka bar ta ta ci gaba, idon duniya duk yana kanta. A wasanta na ƙarshe ta yi ta tuntuɓe tana faɗuwa, ta ƙare a matsayi na huɗu. Da ta fito, mai horar da ita ta tare ta da faɗa maimakon lallashi. A shekarar nan ce hukumar wasan ta duniya ta yanke shawarar ɗaga shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17.

Kada ku ɗauka wannan labarin mutanen nesa ne kawai. Yarinyar da ta fi kowa gudu a makarantarku, wadda take burin wakiltar Birnin Tarayya a gasar matasa ta ƙasa, ita ma tana ɗauke da irin wannan nauyi. Iyaye suna jira, abokai suna ihu, ita kuwa gabanta yana faɗuwa. To, mene ne aikin mai horar da ita?

Da farko, ya koya mata rarrabe abin da yake hannunta da wanda ba ya hannunta. Yadda za ta tashi da yadda za ta ja numfashi suna hannunta. Saurin abokiyar karawarta da hukuncin alƙali ba sa hannunta. Tunanin abin da ba za ta iya sauyawa ba shi ne yake ƙara mata tsoro.

Na biyu, ya saba mata da yanayin gasa tun a filin atisaye. Ya tara 'yan kallo, ya busa usur, ya auna lokaci. Idan ranar ta zo, ba abin da zai zame mata baƙo.

Na uku, ya san abin da zai faɗa bayan an sha kaye. A wannan lokaci yaro yana bukatar ruwan sha da kalma mai sanyi. Gyaran kuskure ya jira gobe.

Na huɗu, ya kiyaye barcinta da karatunta da lafiyarta, kada ya bari ta sha wani magani ba da sanin likita ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma wanda ya tanƙwara shi da ƙarfin tsiya karya shi zai yi. Idan kuna da baiwar wasa, ku nemi mai horarwa da ya fi damuwa da ku a kan kofi.

Tambayoyi
1. Me ya sa aka ɗaga shekarun shiga gasar manya?
2. Kawo abubuwa biyu da suke hannun mai tsere.
3. Yi bayanin karin maganar da ke sakin layi na ƙarshe.