Awon D-dimer da Hasashen Dawowar Daskarewar Jini Bayan Dakatar da Magani

Idan jini ya daskare a cikin manyan jijiyoyin ƙafa, ko gudan jinin ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu, likitoci kan ɗora majinyaci a kan maganin tsinka jini, kamar Warfarin, na aƙalla wata 3. Wanda tiyata ko karaya ta jawo masa cutar, galibi nan maganarsa ke ƙarewa. Matsalar tana ga wanda jininsa ya daskare ba tare da wani sanannen dalili ba. In an dakatar da maganin, cutar na iya dawowa. In kuwa an ci gaba, ana fargabar zubar jini, har a cikin ƙwaƙwalwa.

A nan ne awon D-dimer ya shigo. D-dimer ɓurɓushi ne da kan rage a jini yayin da jiki ke narkar da zaren da ke ɗaure gudan jini. Yawansa alama ce cewa jini na ƙulla gudaji yana warware su a ɓoye. Da yake maganin kansa yana rage shi, akan jira kimanin wata guda bayan dakatarwa kafin a auna.

Binciken da ya fito da martabar wannan awo shi ne PROLONG, wanda Gualtiero Palareti da abokan aikinsa suka gudanar a Italiya, aka buga a 2006. Daga cikin majinyata 608, an samu 223 da awonsu ya haura ƙima, sai aka raba su gida biyu. Waɗanda aka bari babu magani, kashi 15 cikin ɗari sun gamu da matsala. Waɗanda aka mayar wa da magani kuwa, kashi 2.9 kacal. Masu awo daidai, kashi 6.2.

Sai dai wannan adadi na ƙarshe shi ne abin lura, domin kashi 6 ba sifili ba ne. Binciken Clive Kearon na ƙasar Kanada a 2015 ya ƙara fito da haka: cikin masu awo daidai da suka bar magani, cutar ta dawo wa kusan kashi 10 cikin ɗari na maza a shekara, alhali matan da maganin sinadarin estrojin ya haddasa musu ita ba a ga ta dawo musu ba. Ke nan, sakamako ɗaya yana da fassara biyu. Shi ya sa ma'aunai irin su DASH da na Vienna ke haɗa awon da wasu bayanai, kamar jinsi, shekaru, ko wurin da jinin ya fara daskarewa.

Akwai kuma abubuwan da ke ɗaga D-dimer ba tare da wata sabuwar daskarewa ba: tsufa, juna biyu, ciwon daji da zazzaɓi mai tsanani. Masu cutar sikila, waɗanda suke da yawa a ƙasar Hausa, awonsu kan kasance sama ko da suna cikin lafiyarsu. Ɗaukar ƙimar da aka tsayar a Turai a yanke musu hukunci da ita, abu ne da ke buƙatar taka-tsantsan.