Ciwon Sukari a Jikin Ramammen Dattijo

Idan aka ambaci ciwon sukari a zaurukan Gwandu ko a kasuwar Kalgo, hoton da ke zuwa wa mutane shi ne na mai ƙiba, mai tumbi, wanda daɗi ya yi wa yawa. Saboda haka idan tsoho ya fara ramewa, rigarsa ta yi masa yawa, sai iyali su ce tsufa ne. Sau da yawa kuwa ba tsufa ba ne kaɗai.

Bari mu fara da awo. A raba nauyin mutum na kilo da tsayinsa na mita sau biyu. Alal misali, dattijo mai tsayin mita 1.70 da nauyin kilo 50 zai sami 17.3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda ya gaza 18.5 nauyinsa ya yi ƙasa. Ɗalibi na iya yi wa kakansa wannan lissafi.

To, ina dangantakar rama da sukari? Akwai wata gaɓa a bayan tumbi, fankiriyas, wadda ke fitar da sinadarin insulin. Shi ne ke buɗe wa sukari hanyar shiga tsoka, kuma tsoka ce ke shanye mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci. Tsufa yana zaizaye tsoka, ita ma gaɓar ƙarfinta yana raguwa. Rumbu ya ƙanƙance, hatsi bai ragu ba. Sai sukari ya taru a jini. Idan ya haura kimanin miligiram 180 a kowace desilita, ƙoda takan fara zubar da shi cikin fitsari tare da ruwa mai yawa. Jiki kuma sai ya koma cin kitsensa da tsokarsa. Ke nan rama tana iya share wa ciwon hanya, kuma tana iya zama alamar cewa ya riga ya shiga.

Akwai wani fannin da ya daɗe yana wahalar da masana. A 1955 likita Hugh-Jones ya bayyana ramammun masu ciwon sukari a Jamaika. A 1985 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware masa suna, wato sukari mai nasaba da ƙarancin abinci, ta soke shi a 1999 don ƙarancin hujja. Sai a Afirilun 2025, a taron Bankok, Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta amince da shi a matsayin nau'i na 5, aka kiyasta masu shi miliyan 20 zuwa 25, galibi a Asiya da Afirka. Ya fi bayyana ga matasa, amma darasinsa ya shafe mu: yunwar ƙuruciya na iya raunana gaɓar insulin har abada.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake hana irin wannan dattijo tuwo da fura gaba ɗaya da zarar an ji kalmar sukari. Wanda ya rame yana bukatar wake, kifi, gyaɗa, ƙwai da zogale, da tafiyar ƙasa don riƙe tsoka, a kuma daidaita masa hatsi bisa shawarar likita.

Idan rama ta haɗu da ƙishirwa, da yawan fitsarin dare, ko gyambon da ya ƙi warkewa, a kai shi gwajin jini da safe kafin karin kumallo, a asibitin Kalgo ko na Sir Yahaya a Birnin Kebbi. Sakamakon 126 ko fiye, idan ya maimaitu, yana nuna ciwon. Idan akwai tari mai tsawo, a nemi gwajin tarin fuka ma.