Fiyus ɗin amfilifaya yana ta ƙonewa? Kada ka ɗaure shi da waya

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta ishe su saurare ba.

Yau mun ɗan ajiye siyasa, za mu leƙa but ɗin mota. Dalili kuwa, kwanakin baya wani ƙanena a unguwa, mai tuƙa adaidaita sahu, ya sa amfilifaya da sifiku biyu. Fiyus ya ƙone, ya canza. Ya sake ƙonewa, ya sake canzawa. A karo na uku wani ya ce masa ai ɓata kuɗi ne, ya samo siririyar wayar tagulla ya naɗa a wurin. Ba a yi kwana biyu ba hayaƙi ya tashi a ƙarƙashin kujera, ga fasinjoji a ciki. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni, amma wayarin ya narke. Kuma ku sani, mashin ɗin nan ba nasa ba ne, balas yake kaiwa kullum.

To bari mu fara daga tushe. Fiyus ba shi ne matsalar ba, mai gadi ne. A cikinsa akwai ɗan siririn ƙarfe da aka ƙera don ya narke idan wutar da ke wucewa ta fi ƙima. Shi ya mutu, waya ta tsira. Batirin mota yana iya tura ɗaruruwan amfiya a lokaci guda idan waya ta haɗu da ƙarfe, shi ya sa wanda ya cire mai gadin ko ya sa masa babba fiye da ƙima, wayar kanta ya mayar fiyus. Idan na 30 aka rubuta, na 30 za ka mayar. A ƙananan fiyus masu ƙafa biyu launi ma yana nunawa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30.

Yawanci fiyus biyu ne. Ɗaya a kan babbar wayar da ta taso daga batir, wanda ya kamata ya zauna kusa da batirin, kada ya wuce santimita 45. Ɗayan a jikin amfilifayar. Tambaya biyu za ka yi wa kanka: wanne ne ke ƙonewa, kuma yaushe? Amsar nan ita ce rabin gyara.

Kafin ka taɓa komai, cire kan batir na nagetif tukuna. Don Allah kada a manta wannan.

Na farko, idan na wajen batir ne ke ƙonewa. Cire babbar wayar daga jikin amfilifaya, ka naɗe bakinta da tef, ka sa sabon fiyus, ka mayar da kan batir. Idan ya ƙone alhali amfilifayar ba ta haɗe, to ka wanke ta, ba laifinta ba ne. Wayar ce ta goge tana taɓa ƙarfen mota. Bi ta tun daga batir har ƙarshe, musamman inda ta ratsa ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, da ƙarƙashin kujera, da bakin ƙofa. Duk ramin da waya za ta bi a jikin ƙarfe sai an sa masa roba, in ba haka ba girgizar hanya za ta sa ƙarfen ya yanke ta a hankali.

Na biyu, idan na jikin amfilifaya ne ke ƙonewa da zarar an haɗa wuta, ko rediyo ba a kunna ba. Duba ko an juya wayoyin. Wadda ta taso daga fositif ta shiga inda aka rubuta +12V, ta jikin ƙarfe ta shiga GND. Duba kuma ko wani silin waya ya tsallaka ya taɓa maƙwabcinsa. Idan duk daidai suke, to matsalar tana ciki, galibi taransistocin sashen wuta ne suka ƙone suka haɗe. Nan sai mai gyaran rediyo, ko fiyus ɗari ka saya ba zai yi magani ba.

Na uku, idan sai an kunna rediyo yake ƙonewa. Cire duk wayoyin sifika daga amfilifaya ka gwada. Ya sake ƙonewa? Ciki ne, a kai gyara. Bai ƙone ba? To mayar da sifikun ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin. Idan kana da mita, auna sifikar bayan ka cire ta. Mai om 4 takan nuna wajen 3 da wani abu. Idan ta nuna kusan sifili, ko dai ta ƙone ko wayoyinta suna taɓa juna.

Na huɗu, wanda ya fi yawa a wajenmu: komai lafiya lau, sai an ƙure ƙara fiyus ya tafi. Nan akwai ɗan lissafi. Sifiku biyu masu om 4, idan ka haɗa fositif da fositif, nagetif da nagetif, sun koma om 2. Ka ƙara biyu, sun koma om 1. Duk lokacin da om ya ragu, wutar da amfilifaya ke ja tana ƙaruwa. Idan an rubuta a jikinta cewa kada a yi ƙasa da om 4 ko 2, ka tsaya a nan. Sannan maɓallin da aka rubuta GAIN, mutane da yawa suna murɗa shi har ƙarshe a zaton ƙarin ƙarfi ne. A'a, aikinsa daidaita amfilifaya da rediyo. Ka ji sauti ya fara gurɓacewa, sifika tana kakari, to ka wuce gona da iri, rage shi.

Auna wutar ma. Batir mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6 idan inji a kashe yake, in yana aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Idan ka auna a bakin amfilifaya ka ga yana faɗuwa sosai duk lokacin da ganga ta buga, to ko wayar ta yi siriri, ko wayar GND ba ta kama da kyau ba. A kankare fenti da tsatsa har sai farin ƙarfe ya fito, a ɗaure tamau, kuma wayar ta zama gajera. A kula da wayar da ake saya, akwai wadda alminiyom ce aka yi wa rufin tagulla, ba ta ɗaukar wuta kamar tagulla zalla.

Ga misali don ku ga girman abin. Amfilifaya mai wat 500 na gaskiya, idan kashi 80 cikin ɗari na wutar da ta ja ne ke isa ga sifiku, to wat 625 take ja. Raba shi da 13.8, ka samu kusan amfiya 45. Siririyar wayar fitila ba za ta ɗauki wannan ba, haka ƙaramin batirin adaidaita ba zai jure ba.

'Yan uwana masu sana'ar wayarin, ku ma ga roƙo. Idan mai mota ya ce a ɗaure masa kawai yana sauri, ku ƙi. Gara ya tafi da fushi da a ce aikinku ne ya ƙona abin neman abincin wani. Rigakafi ya fi magani.

Shi ƙanen nawa, da aka bincika, wayar ce ta goge a jikin ƙarfen kujera. Guntuwar roba ce kawai ba a sa ba tun farko.

Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, ya faɗa mana wanne fiyus ne ya ƙone kuma me aka gano. A tura wa direbobi da masu adaidaita da kuka sani. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya tsare mu a hanya.