Tagar sabon ɗaki: icce, ƙarfe ko alminiyom?

Damanar 2024 ta bar tabo a ƙasar Nijar. Ambaliya ta kashe mutane fiye da 300, ta rushe dubban gidaje, galibi na laka. Jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A Damagaram, har tsohon masallacin unguwar Birni ya faɗi cikin watan Satumba. Duk magidancin da ɗakinsa ya faɗi, tilas ya sake gini. Yakan yi shawara a kan bango, ya yi shawara a kan rufi. Amma taga, sai gini ya kai kafaɗa sannan a tuna da ita.

Ƴan uwa, taga maganar lafiya ce. Ɗakin da iska ba ta ratsa shi yana tara zafi da hayaƙi da numfashin masu kwana. A irin wannan ɗaki ne tarin fuka da sanƙarau suke saurin kama mutum daga mutum. Tagar da ba ta rufuwa da kyau kuma, hanya ce ta sauro. Sauron zazzaɓin cizon sauro da dare yake shiga, kuma yara ƴan ƙasa da shekara 5 ya fi kayarwa. Saboda haka abin da za a kewaye bakin taga da shi, a rataya marfi a jikinsa, ya cancanci a zauna a yi tunani.

Mu fara da icce, tunda shi muka gada. Icce ba ya ɗaukar zafi kamar ƙarfe, kuma kowane kafinta na ƙauye yana iya gyara shi. Babban abokin gabansa gara ce. Bangon laka kuwa gidan gara ne: takan bi ta cikinsa a ɓoye, ta cinye katako daga ciki, ta bar fenti a waje. Ranar da aka taɓa, sai yatsa ya nutse. Farin katako na kasuwa shi ne mai araha, shi ne kuma gara ta fi so. Jan katako ya fi ƙwari, ya fi tsada. Dogon yaro yana da ɗaci, gara ba ta cika son shi ba, amma sai wanda ya tsufa kuma ya bushe sarai. Ɗanyen icce yakan karkace bayan ƴan watanni, marfi ya ƙi shiga.

Giginya fa? Kakanninmu sun san darajarta. Azarar giginya takan yi shekaru masu yawa gara ba ta ci ta ba, kuma ba ta da na biyu wajen ɗaukar nauyin bangon da ke bisa taga. Sai dai giginya tana cikin itatuwan da doka ta kare, kamar gawo da goriba. Ba a sare ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Wadda ake samu a yankin Gaya ma, da ƙa'ida ake yanke ta, domin tana daɗewa kafin ta girma. Wanda yake da tsohuwar azara daga ɗakin da ya faɗi, kada ya kai ta murhu. Ya kankare ta, ya duba. In tana da rai, ta isa kan taga.

Wanda ya zaɓi katako, ya shafe shi da baƙin man mota, musamman gefen da zai shiga bango, ya bari ya sha kafin a kafa shi.

A ganinmu, ga mai ɗakin laka ko na bulo, tagar ƙarfe ta fi kwanciyar hankali. Gara ba ta cin ta, ɓarawo yana shan wuya da ita, kuma masu walda suna nan a kowane babban gari. A nemi mai tsaga-tsaga, wadda iska ke ratsawa ko tana rufe. Laifinta biyu ne. Na farko zafi: a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40, ƙarfen da ke fuskantar rana yakan ƙona hannu, ya dafa ɗaki. Na biyu tsatsa. Kada a karɓi taga daga hannun mai walda sai an shafa mata jan fentin hana tsatsa, har a bayanta inda ido ba ya gani. A danna marfin da babban yatsa; in ya lotsa, ƙarfen ba shi da kauri. A kuma tabbata an yi mata ƙafafu a gefe, waɗanda magini zai binne cikin bango. Siminti da laka ba su cika jituwa ba, saboda haka a riƙa duba mahaɗarsu kowace bazara, a toshe tsaga kafin ruwan fari.

Alminiyom mai gilashi yana da kyan gani, ba ya tsatsa, yana tare ƙurar hunturu. Amma yana da tsada, kuma yana son bangon siminti miƙaƙƙe. A bangon laka, wanda yake motsi tsakanin rani da damana, marfinsa yakan cije, gilashi ya tsage. A ƙauye kuma mai gyara shi yana da wuyar samu.

Ko wace iri aka saya, wurin kafa ta yana da muhimmanci. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, bangon gabas ne yake shan dukan ruwa. Yamma kuma ranar la'asar ce. Taga biyu masu kallon juna, ɗaya kudu ɗaya arewa, su suka fi sanyaya ɗaki. A ƙarƙashin kowace taga a yi ɗan leɓe na siminti mai gangara waje, don kada ruwa ya bi bango ya zaizaye shi.

Sai ragar sauro. A gaya wa kafinta ko mai walda tun farko ya bar mata gurbi daga ciki, yadda za a iya cire ta a wanke in ƙura ta toshe ta. Ragar taga ba ta maye gurbin gidan sauro mai magani, a ci gaba da kwana cikinsa. In raga ta huje, ko da ramin bai fi kan yatsa ba, a ɗinke shi da zare ko siririyar waya a ranar. A kuma toshe ratar da ke tsakanin bango da rufin kwano, domin ta nan ma sauro yake shiga.