Idan birkin gaban babur ya kama ya ƙi saki

Tun daga 1969, shekarar da kamfanin Honda na Japan ya fito da babur ɗinsa CB750 ɗauke da birkin faifai a tayar gaba, irin wannan birki ya yi ta yaɗuwa har ya iso kan ƙananan mashina. Yawancin Boxer ɗin 'yan acaɓa har yanzu birkin ganga ne da su, amma irin su Pulsar da sauran mashinan da samari ke yayi, faifai ne a gaba. Yana kamawa da ƙarfi fiye da na ganga. Matsalarsa ɗaya ce: wani lokaci idan ya kama, sai ya ƙi saki.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Babur ya yi nauyi wajen turawa, ya fara shan mai fiye da kima, faifan ya ɗau zafi bayan 'yar gajeruwar tafiya ko da ba a taɓa birki ba. Idan aka ɗaga tayar gaba aka juya ta da hannu, sai ta tsaya cak.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, babu wani sifirin da ke mayar da fistin ɗin kalifa (ƙarfen da ke rungume da faifai) baya. Idan aka matse hannun birki, masta, wato ɗan famfon da ke jikin hannun, na tura man birki ta cikin tiyo, man ya tura fistin, fistin ya danna takalman birki jikin faifai. Da an saki hannu, wata 'yar roba mai kusurwa huɗu da ke zagaye da fistin ce ke komawa yadda take, ta jawo shi baya da tazarar da ba ta kai kaurin farce ba. Ƙarfinta ke nan gaba ɗaya. Saboda haka ƙurar hunturu da ta daskare, ko tsatsar da ruwan damina ya bari, ta isa ta rinjaye ta.

Bakaniken da ya san aikinsa ba ya fara kwance komai sai ya yi gwaji guda. Zai matse birki sau da yawa har taya ta cije, sannan ya ɗan sassauta ƙaramin notin fitar da iska da ke jikin kalifa. Idan mai ya feso kuma taya ta saki nan take, to matsin mai ne ya maƙale, laifin yana sama. Ko dai ɗan ramin da mai ke komawa cikin kofin masta ya toshe, wanda kusan bai fi bakin allura ba, ko an cika kofin maƙil, ko tiyo ya lalace daga ciki. Akwai kuma hannun birkin kasuwa da ake sauyawa bayan faɗuwa: idan bai yi daidai ba, zai riƙa danna masta dare da rana, ramin ya zauna a rufe. Wannan ne mafi haɗari, domin man yana zafi yana kumbura, birkin yana ƙara cijewa, har taya ta ƙame ana cikin gudu.

Idan kuwa an sassauta notin taya ta ƙi motsi, sai a koma kan kalifa. A ciro ta, a duba ƙarafan nan biyu da take zamewa a kansu, a goge su, a shafa musu giris ɗin silikon wanda ba ya cin roba. Fistin kuma a turo shi waje a wanke da sabon man birki, a kankare dattin da ya taru a cikin ramin roba. In tsatsa ta yi masa ramuka, ba abin da samfefa za ta gyara. Sai sabo, tare da sababbin robobi.

A nan ne aikin ganganci ya fi ɓata kaya. Wanke kalifa da fetur ko kananzir, ko ɗiga mata baƙin mai don ta yi santsi, yana sa robobin su kumbura, bayan 'yan kwanaki birki ya cije fiye da da.

Shi kansa man birkin yana tsufa, don yana zuƙar damshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma idan ya sha ruwa yakan sauko wajen 155, ruwan kuma shi ke kawo tsatsa daga ciki. Shi ya sa masu ƙera babura galibi ke cewa a sauya shi duk shekara biyu. Nau'in da ya dace yana rubuce a kan murfin kofin, kuma DOT 5 na silikon ba ya haɗuwa da DOT 3 ko DOT 4.

Bayan an mayar da komai, sai a fitar da iska har hannun birki ya yi tauri, a matsa shi sau da yawa kafin a tayar da inji, sannan a gwada a fili cikin tafiyar sannu kafin a hau kwalta.