Rajistar Masu Zaɓe Ta Intanet: Me Ya Sa Waya Kaɗai Ba Ta Isa Ba?

A ranar 28 ga Yunin 2021 hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta buɗe shafin intanet na rajistar masu zaɓe, karo na farko a tarihin Najeriya. Matasa sun yi tururuwa da wayoyinsu, har sama da mutum miliyan 10 suka fara rajista a shafin. Amma da aka rufe aikin a ƙarshen Yulin 2022, kimanin miliyan 3.4 ne kawai daga cikinsu suka kammala. Sauran miliyan 7 ba su shiga kundin masu zaɓe ta wannan hanya ba. Dalilin wannan giɓi yana cikin yadda aka gina tsarin.

Abin da shafin ke yi

Mai sabuwar rajista zai buɗe asusu, ya cika sunansa, ranar haihuwa da adireshi, ya ɗora hoto, sannan ya zaɓi cibiyar da zai je ya ƙarasa. Wanda ya riga ya mallaki katin zaɓe kuma zai iya neman sauya rumfa idan ya yi ƙaura, ko gyara kuskuren suna, ko neman sabon kati idan nasa ya ɓace ko ya lalace.

Ga sabon mai rajista, wannan rabin aikin ne. Ragowar rabin shi ne zuwa cibiya da ƙafarsa, a ɗauki zanen yatsunsa da hoton fuskarsa a na'urar IVED, wato kwamfutar hannu mai manhajar Android da ta maye gurbin manyan na'urorin da aka yi rajistar 2011 da su.

Ai waya ma tana karanta yatsa

Haka ne, amma ba irin karatun da hukumar zaɓe ke buƙata ba. Wayar da ake buɗewa da yatsa tana ɓoye bayanin ne a wani killataccen sashe na cikinta, ba ta miƙa shi ga kowace manhaja ko shafi. Abin da manhaja ke samu amsa ce kawai: yatsan ya dace, ko bai dace ba. Ita kuwa INEC zanen kansa take so, domin ta kwatanta shi da na miliyoyin mutanen da ke cikin rumbunta.

Akwai kuma batun shaida. Fom ɗin intanet ba ya iya tabbatar da cewa wanda ya cika shi ya kai shekara 18, ko cewa ba mutum ɗaya ne ya cika fom goma ba. Jami'in da ke cibiya yana ganin mutum ido da ido.

Tankaɗe da rairaya

Bayan an tattara bayanan, manhajar ABIS ce ke bin su tana gwada yatsu da fuskoki domin zaƙulo masu rajista fiye da sau ɗaya. A cikin mutum miliyan 12.29 da suka kammala rajista tsakanin 2021 da 2022, an soke kusan miliyan 2.78, akasari saboda maimaici. Wanda katinsa ya ɓace ya je ya sake sabuwar rajista maimakon neman madadi, sabuwar za a soke, kuma dokar zaɓe ta 2022 ta ɗauki rajista sau biyu a matsayin laifi. Bayan tacewar, kundin da aka yi zaɓen 2023 da shi ya tsaya a kan masu zaɓe 93,469,008.

Yatsun da fuskar da aka ɗauka a cibiya ne na'urar BVAS ke dubawa ranar zaɓe. Wanda babu bayanansa a cikinta ba zai samu takardar ƙuri'a ba.

Darasi ga masu gina irin wannan tsari

Saukaka fom bai wadatar ba idan cibiyoyi sun yi nisa, ko layi ya yi tsawo, ko sabis ya yi rauni a karkara. Dole shafin ya buɗe a ƙananan wayoyi ba tare da cin data mai yawa ba, ya jure cunkoson kwanakin ƙarshe, ya kare bayanan jama'a daga masu kutse, ya kuma faɗa wa mutum ɓaro-ɓaro cewa aikinsa bai ƙare ba.

Ga mai waya kuwa, rajista kyauta ce, kuma adireshin shafin hukumar yana ƙarewa da inecnigeria.org. Duk saƙon WhatsApp da ya nemi kuɗi ko lambar BVN da sunan rajista, damfara ce. Takardar da shafin ke bayarwa bayan cika fom ba katin zaɓe ba ce. Sai an je cibiya an ɗauki yatsu, sannan a koma a karɓi katin idan ya fito.