Masu Kiwon Tarwada a Dutse, Ku Duba Ruwanku Tun Yau

Duk wanda ya kafa tamfol ko ya gina kwami a bayan gida yana kiwon tarwada, daga Takur da Garu har Shuwarin da Kiyawa, ya saurara. Bazara ta kama. Tsakanin Maris da Mayu zafi a yankinmu kan haura digiri 40, ita kuwa tarwada ta fi sakewa a ruwan da bai wuce digiri 30 ba.

Ruwa in ya ɗau zafi, iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa raguwa take yi. Kashin kifi da ragowar abincin da ya kwanta a ƙasa kuma su ruɓe su saki amoniya, wadda dafinta ke ƙaruwa da ƙaruwar zafi. Abin da ke yaudarar mai kiwo shi ne taurin ran tarwada: tana iya leƙowa ta shaƙi iskar waje, sai ka ɗauka lafiya lau, alhali ruwan ya riga ya ƙona mata jiki. Ranar da ta gaza, ba ɗaya-ɗaya take mutuwa ba.

Ka leƙa kwaminka bayan sallar asuba. In ruwan ya yi wari ko kumfa, in kifin ya tsaya a tsaye kai sama, ya ƙi cin abinci, ko gashin bakinsa ya fara gutsurewa, to ka dakatar da abinci a ranar. Yunwar kwana ɗaya ba ta kashe tarwada. Ka zubar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan ta ƙasa, inda dattin yake, ka cika da sabo a hankali. Ruwan da ya wuni a baƙin tanki cikin rana ya huce tukuna. Na famfo, in akwai kulorin, ya kwana a buɗe. A yi wa kwamin rumfa, ko da ta zana ce.

Sai maganar da ta fi damuna. Wasu da sun ga mushe biyu sai su ɓare kafso su zazzage a ruwa. Magani ba ya wanke ƙazantar ruwa, kuma yana zama a naman kifin da yaranmu za su ci. Wasu kuma su yi bandar wanda ya mutu su kai kasuwa. Wannan zalunci ne. Mushe a binne shi da zurfi. Kada ka ari koma ko bokitin maƙwabci ba ka wanke ka shanya ba, kada ka saki ruwan kwami mai cuta ya bi kwata cikin unguwa.

In mutuwar ta ci gaba bayan sauya ruwa, ka nemi likitan dabbobi ko malaman sashen kifi na Jami'ar Tarayya ta Dutse, ka tafi da kifin da ke da sauran rai da kwalbar ruwan kwamin.